Yawun Baba da Makullin Shago

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Tela maƙwabcina ke rubuta min, na ce kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Shekara da shekaru ina tambaya ba amsa: wace irin likita ce ke da ba ki taɓa yi wa kowa allura ba? 'Ya'yan mutane na duba marasa lafiya, ke kina ɗaki da wayoyi da yawun jama'a. Ga ƙaninki Auta, tun da aka sallamo shi daga asibitin masu shan ƙwaya yake bina in mayar masa da makullin shagon kafinta. Kullum sai na shinshina bakinsa, amma ƙwaya ba ta da wari. Ba zan damƙa wa mai maye zarto ba. In karatunki na da rana, yau ce.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Ya gwiwa?

Aikin da kake rainawa ke nan. Mun ƙera 'yar na'ura kamar wayar hannu. Ana ɗiga yawu a kan wani siririn tsinke. In da ƙwaya a jiki, sai ta sauya lantarkin da ke ratsa tsinken, allo ya nuna ja. In babu, kore. Likitan Auta yana gwada ta a asibitinsu. Ka raka shi ka gani da idonka.

'Yarka.

Uwata,

Gaisuwa a taƙaice, raina a ɓace yake.

Na je. Auta ya tofa, kore. Na ce wa likita, "Wannan ko ruwan wanki ka zuba masa kore zai nuna." Na fizgi sabon tsinke na tofa nawa don in kunyata shi. Ja! A gaban ɗana! Ni da ko taba ban taɓa sa wa bakina ba! Na'urarki maƙaryaciya ce. Na ce a kai yawun namu inda ya fi nan, a gaya miki sakamakon. Makulli yana aljihuna.

Mahaifinki.

Baba,

Allah ya huci zuciyarka. Babban ɗakin gwaji ya duba, ya faɗi abin da na'urar ta faɗa. Auta ya daina. Ƙwayoyin gwiwar da kake saya a kemis, waɗanda ba ka iya barci sai da su, su ne dai suka kama shi a da. Ba abin kunya ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani. Auta ya san hanya.

'Yarka mai ƙaunarka.

Uwata,

Ina gaisuwa, da kyau wannan karon.

Na sha wuya: zufa, rawar jiki, masifa da kowa. Likita ya riƙa rage min ƙwayoyin a hankali, Auta na riƙe da hannuna yana cewa, "Tsoho, kawo bakin in shinshina." Mara kunya! Jiya muka tofa tare. Kore biyu! Nan take na miƙa masa makulli, yanzu haka ƙarar zartonsa ta hana tela jin maganata.

Na ji asibitin zai riƙa amfani da na'urar, har an tafa miki. Madalla. Amma yawun wa ya tabbatar ba ta ƙarya? Nawa. Ban ji an ambace ni ba. Na tambayi likita, dariya ya yi. Ke ko shi, wani ya ba ni amsa!

Mahaifinki.