A Cire Sunana Daga Takardar Aladun Turai

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar 'Yan Garinmu,
Handsworth, Birmingham.

Baba Shugaba, ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Mama da sauran dattawa.

Ni ce Rifkatu, 'yarku da ke karatun ilimin gadon halittar dabbobi a jami'a a Manchester. Na bugo waya sau biyu ban samu amsa ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Kai ka kira ni da ƙungiya ta shirya aika wa gwaurayen mata na gida fararen aladun Turai don su inganta iri. Ka ba ni takardun gonar da za a sayo aladun daga gare ta, ka ce in duba. Na ajiye nawa aikin na yi sati uku a kansu, na hau bas har Birmingham na miƙa maka rahoto hannu da hannu.

Na biyu. Aladun ba su da laifi. Suna saurin girma, kitsen bayansu kaɗan ne, suna haihuwa da yawa, kuma 'ya'yansu na gadon wannan. Amma an auna su ne a ɗaki mai sanyi, da abincin kamfani, da likita a kusa. Babu wanda ya auna su a zafin watan Maris a garinmu, da dusar burkutu da ganyen dankali. Farar fata rana na ƙona ta. Uwar da ta haifi 'ya'ya fiye da nonon da take iya bayarwa, sai dai mai ita ta yi ta binne 'ya'yan. Na ba da shawarar a fara da namiji ɗaya, a haɗa shi da namu na gida, a auna 'ya'yan har yaye.

Na uku. Ranar Lahadi a coci aka nuna mini takardar da kuka aika gida. An rubuta cewa masaniyarmu Rifkatu ta duba ta amince. Ban amince ba. Mahaifiyata na cikin matan nan. Da ta ji sunana, sai ta sayar da baƙar uwar aladenta, wadda ba ta taɓa kwanciya kan ɗanta ta kashe shi ba, don ta gyara wa aladun Turan wuri. Wasu mata sun bi sahunta.

Ina roƙon abu biyu: a cire sunana, kuma a karanta rahotona gaba ɗaya a gaban matan, da yarenmu, kafin wata ta sake sayar da tata. In sun ji suka ce a kawo, ba ni da ta cewa.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da hikimar riƙon jama'a.

Wassalam.

'Yarka,
Rifkatu
Fallowfield, Manchester