Sunana a Bakinki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar garinmu kusa da Malbaza.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa uwa tana durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kina cikin sauƙi.

Inna, ni ce, 'yarki ta fari. Na san ba ki yi boko ba, kuma inda kike ba a kai takarda. Ni ma ban yi nisa a lakwal ba, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Damina ta zo ta wuce tun da aka fita da ke, kuma har yau ban yi kuka ba. Ina dafa tuwo, ina shara, ina amsa gaisuwa. Mata na cewa ina da tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Wata tambaya ce ta hana hawayen fitowa.

Kin san ba ki taɓa kiran sunana ba. Haka uwa mai kunya take yi wa ɗan fari a wajenmu, kuma ke kin fi kowa riƙe wannan. Da aka yaye ni aka kai ni Badaguishiri wurin Gwaggo, yayar Baba. Ranar kasuwa kina zuwa da kwandon albasa, ki zauna a zaure, ki miƙa wa Gwaggo ƙullin ƙuli-ƙuli ki ce, "A ba yara." Ni kaɗai ce yarinya a gidan. Kina kallon bango, ni ina kallon zanenki.

Da na girma na dawo gida, sunana ya zama "ke". In ba na wurin, "waccan ta Badaguishiri". Ranar aurena kin wuni a gidan maƙwabta. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi. Ni ma haka na yi wa tawa 'yar farin.

Sai shekarar da ta biyo bayan wadda fara ta cinye gonaki, kika faɗi a bakin rijiyar lambu da guga a hannunki. Ɓarin jikinki ɗaya ya mutu. Da kika farfaɗo, hannun ya ɗan dawo, bakin ma ya dawo, amma wata mace ce ta tashi a kan tabarmarki. Kina dariya da ƙarfi. Kina cin abinci a gaban surukanki, ke da ko ruwa ba ki sha in suna tsakar gida.

Ran nan da hantsi, ɗaki cike da 'yan dubiya, na shigo da kunu. Kika ɗaga kai kika ce, "Zuwaira! Zuwaira, taho nan in ga idonki. Mi ya ramar da ke haka?" Kika kama hannuna kika ɗora a kan kumatunki.

Kunun ya zube mini a ƙafa, ban ji zafinsa ba. Mata suka sunkuyar da kai. Gwaggo ta yi sauri ta rufa miki asiri, ta ce, "Ku yi haƙuri, jama'a, ba ita ba ce. Ciwo ne."

Wannan maganar ce ta hana ni kuka, Inna. Ba ke ba ce?

Ƙanena Sani ya sayar da bijiminsa, muka tsallaka iyaka da ke zuwa Sakkwato. Suka sa kanki a cikin wata na'ura, suka fito da baƙar takarda, likita ya ɗaga ta a gaban fitila. Na ga cikin kanki, ni da ban taɓa iya kallon tsakiyar idonki ba. Ya nuna wani tabo ta wajen goshi ya ce nan jini ya daina zuwa. Ya ce ƙwaƙwalwa kamar gari take, kowace unguwa da aikinta, akwai mai magana, akwai mai motsa hannu, kuma wannan da ta lalace ita ce mai riƙe mutum, mai ce masa kada ka faɗa, kada ka yi.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko abin da kike faɗa naki ne ko na ciwon. Ya sauke takardar, ya ce, "Hajiya, na'urar nan ba ta ɗaukar wannan." Ko Makka ban je ba, amma na bar shi da Hajiyarsa.

Da muka dawo na aika wa Liman da tambayar. Ya ce rai sha'anin Allah ne, kuma kada mu damu, an ɗauke miki alƙalami, ba a rubuta miki abin da kike faɗa. Don ya kwantar mini da hankali ya faɗa. Ni kuwa na zauna ina tunanin ashe har sunana ba a rubuta ba.

Kuma ba zan ɓoye miki ba, ba sunana kaɗai kika faɗa ba. Kin kira Sani ɓarawo, shi da ya rabu da bijiminsa dominki. Kin ce wa matar Liman miyarta ba ta taɓa daɗi ba. In na ce kiran da kika yi mini gaskiyarki ce, to Sani fa? In na ce zagin Sani ciwo ne, da wane hannu zan tsince nawa in ajiye gefe? Na kasa. Shi ya sa duk lokacin da kika ce "Zuwaira", sai in amsa a hankali, kamar mai karɓar ajiyar wani. Har kika cika ban amsa miki da dukkan bakina ba.

Da Babbar Sallah ta zo, ni na gyara kan rago. Na babbake, na fasa, ƙwaƙwalwar ta fito a tafin hannuna, fara, mai laushi kamar kindirmo. Na daɗe ina kallonta. Ragon nan ya san muryar mai ba shi dusa, ya san ƙofar gida. Na juya ta, ban ga ƙofa ba, ban ga murya ba. Mu da muka tashi muna cewa zuciya ce ke so, zuciya ce ke tunawa, yanzu an ce abu irin wannan ne ke riƙe da kunyarki da addu'o'inki da sunayen 'ya'yanki. Na sa ta a tukunya. Ban ci ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Jikarki, 'yata ta fari, wadda yanzu ta fi ni tsawo, tana wanke-wanke a bakin randa, ta ba ni baya. Ba kowa a gidan. Na buɗe baki in ce mata "ke", kamar kullum. Sai na ce bari in gwada. Na ce, "Nafisa."

Inna, ban nemo shi ba. A kan harshena yake, a shirye, da ɗuminsa. Tun ranar da aka raɗa shi nake faɗarsa a ciki, in tana zazzaɓi, in ta makara daga lakwal, in na yi sujada.

Kwano ya suɓuce mata. Ta taso da hannu duk kumfa, ta dafa mini goshi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Inna, lafiya? Kanki na ciwo? In kira Kawu Sani?" Ta ɗauka abin da ya same ki ne ya same ni.

Na ce mata lafiyata lau. Ba ta yarda ba, har yanzu tana satar kallona.

Ban san amsar zagin da kika yi wa Sani ba, wataƙila ba zan taɓa sani ba. Likita bai gani a takarda ba, Liman ya bar wa Allah. Amma nawa na gane shi a bakin randa. Ciwo bai koya miki sunana ba. Can ya tarar da shi, inda kika ajiye tun kina kallon bango a zauren Gwaggo.

To ga amsar da na riƙe miki. Na'am, Inna. Na'am, ga ni.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya tashe ki da hankalinki cikakke da kunyarki duka, ko da za ki sake kallon bango in na shigo. Zan gane. Amin.

'Yarki ta fari,
Zuwaira, waccan ta Badaguishiri