Mai Nuna Yatsa a Tashar Kurehama

Litinin, 5 ga Maris
Yau ma mun je tsohuwar tashar. Kashin tattabaru har kan bencin da nake zama, matakala kuwa sai zarnin fitsari. Na toshe hanci da gyale. Maigidana Isaburo ko a jikinsa. Ya sa farar safar hannunsa, ya tsaya bakin layin rawaya, ya miƙa yatsa gabas: "Gaba lafiya." Ya juya yamma: "Baya lafiya." Haka aka koya musu a aikin jirgin ƙasa, duk abin da ka duba sai ka nuna shi da yatsa, ka kuma faɗa da baki. Jirgi ya daina zuwa tun kafin in yi furfura. Sunana ma ya ɓace masa, amma wannan bai manta ba. Ranar da bai yi ba, ba ya cin abinci.

Alhamis, 8 ga Maris
Mataccen ɓera, daidai inda rumfar taliyata take a da. Na kusa amai. A nan na ƙare ƙuruciyata ina zuba wa maƙera jiragen ruwa taliyar soba, suna ci a tsaye suna tsokanata: "Kikue, wancan mai yatsan fa ke yake nunawa, ba jirgi ba." Lokacin ko wurin aje ƙafa babu. Da aka rufe masana'antar, aka gina sabuwar tasha a ƙetaren kogi, sai aka bar wannan ta ruɓe a tsaye.

Lahadi, 18 ga Maris
Ɗanmu Mitsuaki ya zo daga Osaka da maganarsa ta kullum. "Mama, gidan tsofaffin nan yana da kyau. Kin gaji fa." Na ce muddin babanka yana ci da hannunsa, ba inda za shi. Ya ce, "To, ranar da ya daina ci fa?" Na tashi na kwashe kofuna.

Talata, 27 ga Maris
Samari masu kyamara sun cika wurin, sun ji za a rushe. Da rufin yake yoyo shekara da shekaru, suna ina? Ɗaya ya ce wa Isaburo, "Kaka, ɗan sake nunawa mana, hoton bai fita ba." Shi kuma ya sake, su suna dariya. Tir. Na tsane su, na tsani tashar, na ɗan tsane shi ma.

Juma'a, 6 ga Afrilu
An kewaye tashar da shingen kwano. Gara haka, na huta da wari. Ya tsaya gaban shingen, ya ɗaga hannu rabi, ya sauke.

Lahadi, 8 ga Afrilu
Tun Juma'a bai ci ba. Shinkafa ta huce, miya ta yi fata. Mitsuaki ya kira, na ce ya ci. Zai zo Laraba ya gani da idonsa. Tsoro nake ji.

Talata, 10 ga Afrilu
Na sayo fenti rawaya na ja layi a bakin barandarmu. Na zaƙulo tsohuwar safar hannunsa mai warin tsatsa na sa. Tsofai-tsofai da ni, na nuna igiyar shanyar maƙwabta na ce, "Gaba lafiya." Matar gidan ta leƙo ta koma. Kunya kamar in nutse.
Sai na ji shi a bayana: "Ke, wa ya koya miki aiki? Miƙe hannun sosai." Ya ture ni ya tsaya. Ya yi gabas, ya yi yamma, sannan ya juyo, yatsa saitin hancina.
"Mai taliya lafiya."
Ya cinye kwano guda, ya nemi ƙari.

Laraba, 11 ga Afrilu
Mitsuaki ya zo, ya ga babansa yana ci, ya koma shi kaɗai.
Da yamma na bi ta wajen shingen, ai hanyar kasuwa ce. Warin yana fitowa ta wata kafa, yadda yake. Na daɗe a tsaye. Gyalen yana cikin jaka.