Cindon Rahama da Gardamar Fada

Hajiya Inno, ki taimake ni. An ce baki shi ke yanka wuya, to nawa wuyan wata ya yanka.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Arlit. A fadarmu ta shan shayi mun kusa wata guda muna gardama ɗaya da Sabiru mai kanti. Na ce mutane da dabbobi tushensu ɗaya, bambancin ya taru ne daga ƙananan sauye-sauye a ƙwayoyin gado, uba ya miƙa wa ɗa. Shi ya ce in ni jikan biri ne, shi ɗan Adam ne, kuma in nuna masa sauyi ɗaya da ido, ba a littafin Nasara ba. Aka yi ta mini dariya. Ni kuwa ban iya shan kaye ba.

Sai na nuna Rahama, 'yar aminina Isufu, tana wasa a ƙofar gida. Shekararta shida, an haife ta da cindo, yatsa na shida a hannun hagu. Na ce ga sauyi nan, har na ƙara da cewa tururin yuraniyom yana jawo irinsa. Isufu yana zaune. Shekara ashirin da biyu ya yi a ramin haƙar yuraniyom na Akokan kafin a rufe shi, kuma tari bai sake shi ba har yau. Ya ajiye kofinsa ya shiga gida.

Daga ranar yaran unguwa suka fara ce mata 'yar yuraniyom. Isufu ya samo zaren roba ya ɗaure yatsan tam, yadda tsofaffi ke yi wa jarirai don ya bushe ya faɗi. Ashe nata akwai ƙashi a ciki. Cikin kwana huɗu hannun ya kumbura yana wari. Yanzu tana gidan likita, an ce sai jibi za a san ko yatsan kaɗai za a cire.

Matar Isufu ta ce ya daina cin abinci, yana cewa shi ya zuba wa 'ya'yansa guba. Kunya ta hana ni zuwa. Ina tunanin in rantse masa cewa duk abin da na faɗa ƙaryar Turawa ce. Ban yarda cewa ƙarya ce ba, amma in zai samu sauƙi fa?

Mai nadama, Arlit

Malam mai nadama,

Kada ka rantse. Kwana biyu zai gane lallashi ne, daga nan ba zai ƙara yarda da kai ba.

Gardamarku da Sabiru ta girme ku duka. Kai kana da hujjojin karatunka, shi yana tsaron imaninsa, kuma akwai masu salla da dama da suka zauna lafiya da duka biyun. Laifinka shi ne ka faɗi abin da ba ka sani ba. Ka fi ni sanin cewa cindo yawanci gado ne, ana haihuwa da shi a Maraɗi da Damagaram, inda ba wanda ya taɓa shiga rami. Ba ka auna jinin kowa ba. Wannan gaskiyar za ka kai masa, ka ce ya bincika danginsa da na matarsa. Ka maimaita ta a fada, gaban waɗanda suka ji ta farko.

Tsoron Isufu kuma ba shirme ba ne. Ka raka shi a duba ƙirjinsa.

Ka je gidan likita yau, tun ba a yanke hukunci ba. In matarsa ta kore ka, tana da gaskiya, ka zauna a bakin ƙofa. Allah ya ba ka zuciyar zuwa, ya bar wa Rahama hannunta.

Hajiya Inno