Mun Gyara Murhun Gashin Baba

Zango, Kumasi
9 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga ƙanena Brimah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka Safia da yara, ya tsare ku daga sanyin Toronto da aka ce ya fara shigowa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Rafia ta sauka, an samu namiji, an mayar da sunan Baba. Samiratu ta samu rumfa a Adum tana sayar da atamfa, yanzu ko gaisuwa sai an tare ta a hanya. Mma tana cin abinci tana salla da ƙafarta, sai dai mantuwa ta ƙaru sosai tun bayan azumi.

Na zaɓi takarda ne don a waya kai ke zuba, ni sai "to, to" har mu rabu. Akwai abin da muka ɓoye maka shekara goma sha ɗaya. Murhun gashin nan mai aiki da gas da ka aiko wa Baba a kwantena, wanda kullum muke ce maka yana aiki lafiya, ko sau ɗaya ba a taɓa kunna shi da gas ba sai kwanan nan. Ranar da ya iso, bakin tiyonsa ya ƙi shiga silindarmu ta nan. Baba, Allah ya jiƙansa, ya zagaya shi sau biyu, ya ce shi dai bai san naman da bai ji gawayi ba, ya ɗaga murfi ya juye rabin buhu a ciki. Layya takwas muka yi da shi a haka, har gindinsa ya ɓule. Ya hana kowa ya faɗa maka, wai kada ka ga kamar an raina kyautarka. Bayan rasuwarsa muka tura shi bayan ɗakin girki, kaji suka gaje shi.

Hoton da ka turo bara, kana tsaye a bayan gidanka cikin ƙanƙara, ka naɗe kamar ƙunshin goro kana gasa nama, na yi dariya har na gaji, daga baya na yi kuka. Nama a kan wuta, babu maƙwabci ko ɗaya da ya leƙo ya ce sannu da aiki don a yanka masa. Sai ga shi ka ce wannan hunturun ba a can zai same ka ba, Disamba za ka zo da yaran da ba su taɓa ganin Kumasi ba, ka gasa musu tsire a murhun Baba a tsakar gidanmu. Murna ta kama ni, kunya ta biyo baya.

Washegari muka kori kaji, muka ɗora shi a aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, sai Akwatialine wurin Dramani mai walda, abokinka na ƙuruciya. Da ya buɗe ya ga toka, dariya ta sa sai da ya zauna a ƙasa, ya ce mutanen Zango ko jirgin sama aka ba su sai sun zuba masa gawayi. Amma ya yi aiki, Allah ya saka masa. Ya yanke gindin da ya ruɓe ya liƙa sabon ƙarfe. Bututun wuta uku ne a ciki, biyu sun mutu ya ƙera wasu, na ukun ya bi hujojinsa ɗaya bayan ɗaya da waya, har gidan zanzaro ya ciro. Ya canza tiyo da kan da zai hau silindarmu, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda kumfa ya taso ya sake ɗaurewa. Ragar gashin ni na kankare ta da soson ƙarfe, kwana uku, yatsuna har yau suna zafi. Ya so ya fente shi baƙi gaba ɗaya, na ce ya bar mariƙin murfin yadda yake, don wurin da ya goge ya yi sulɓi hannun Baba ne.

Jumma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci muka gwada shi. Wuta ta kama shuɗiya, ba hayaƙi, muka ɗora tsoka kaɗan da yaji. Mma tana ɗaki, ƙamshi ya kai mata. Brimah, sai ga ta ta fito tana laluben mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, tana tambaya ko ka iso ne ba a tashe ta ba. Matar da ke manta ko ta karya kumallo, ba ta manta wanda ya ce zai gasa nama a murhun nan ba. Ni aka bari da gaya mata ba ka zo ba tukuna. Sai ta ce a kashe wutar kada gas ya ƙare kafin ka zo. Naman ma ba ta taɓa ba.

Na saurari saƙonka na makon jiya, cewa wataƙila wurin aiki ba za su sake ka ba. Sau uku ke nan kana ɗagawa, ban taɓa yi maka ƙorafi ba, na san zaman can ba sauƙi. Amma yanzu tsoro nake ji. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara. Sunanka yana bakinta har yanzu, ban san zuwa yaushe ba. Ina kewarka ƙwarai, ƙanena, kuma ba zan iya sake tsayawa gabanta in ce ba ka zo ba.

Ka gaishe mini da Safia, ka shafa kan Rafiu da 'yar auta. Kawu Sanni yana gaishe ka, haka Rafia da Samiratu da Dramani. Allah ya yi muku albarka, ya kawo ku lafiya. In za ka ba ni amsa, ka rubuto ranar da jirginku zai sauka, ita kaɗai nake jira.

Yayarka,
Rakiatu