Tankin da na sa wa kwaɗo

Laraba, 7 ga Agusta
Yau ranar ruwan unguwarmu, famfo ko ɗigo. Sati biyu ke nan. Amma Umm Rakan ta bene na uku ta shanya barguna. Da wane ruwan ta wanke? Tambaya kawai nake.

Asabar, 10 ga Agusta
Tankinmu na kullum ya ƙafe ƙat. Na hau rufi na buɗe na ajiya, wanda na sa wa kwaɗo tun shekarar da na ga ruwansa yana raguwa ba dalili. Cike yake dam, ɗumi kamar shayi, ɗan kore-kore a gefe. Ba komai, ai ba sha za mu yi ba, na sha saye muke. Maigidana Abu Haitham ya shige wanka ya ƙi fitowa, har waƙa yake. Na ce malam, ba kogi ba ne. Ya ce, "Bar ni, mata, yau ni ango ne."

Alhamis, 15 ga Agusta
Zazzaɓi. Ya ce sanyin fanka ne. Jiya dai ya ci mulukiyya, miyar lalon da Umm Rakan ta aiko. Ni ban ci ba, ga ni garau.

Lahadi, 18 ga Agusta
Tari, gudawa, ko taba ya kasa sha, shi da ba ya rabuwa da ita. Na kunna masa shawa mai zafi na rufe ƙofa ya shaƙi tururi, kamar yadda muke yi wa yara. Da la'asar ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Sawsan ɗiyata ta ce Mama ɗauko mayafinki. Mun kai shi babban asibitin nan garinmu Zarƙa, sun sa masa roba a hanci.
Umm Rakan ta sake aiko miya. Na zuba wa kyanwowin bayan gida, na tsaya ina kallonsu.

Talata, 20 ga Agusta
Kyanwowin suna nan lafiya. Kyanwa dai ba mutum ba ce.

Laraba, 21 ga Agusta
Likita ta ce huhu ne, wata ƙwaya wai Lijiyonela, a fitsari suka gano. Sawsan ta rubuta min sunan. Wai a ruwa take. Na ce wa likitar, 'yar nan, mu ruwan gora muke sha. Ta ce, "Hajiya, ba sha ba ne. Ruwan da ya daɗe kwance a rana, da datti a ƙasansa, nan take hayayyafa. In an yi wanka, feshin nan ake shaƙa." Na ce to ni ma ai na yi wankan. Wai ni ba na shan taba, kuma da bokiti nake yi don tsimi.
Sai ta ce yaushe rabon a wanke tankinku. Na ce ana wankewa.
Wa ya ce mata ta tambayi tanki? Sawsan ta rantse ba ita ba. Kuma na ga Umm Rakan a ƙofar asibiti jiya, wai dubiya.
Maganar tururi ban yi ba.

Juma'a, 23 ga Agusta
Mun haɗu da Umm Rakan a matakala. Ta ce, "Umm Haitham, duk bazara mai wankin tankuna yana zuwa, ya wanke na kowa ya tsallake naki. Sau nawa na ƙwanƙwasa miki kan makulli?" Na ce ai na san me ake so da makullin. Ta yi dariya, "Wallahi maƙwabciya, ruwan nan naki ko kyauta ba na so, ko tantabara ta sha sai ta yi wasiyya." Ban yi dariya ba. Ta ce bargunan kuma gidan surukarta ta kai ta wanke. Haka ta ce dai.
Yau maigida bai gane Haitham ba, ɗansa na fari. Ya Allah, ban iya zama gidan nan ni kaɗai ba.

Litinin, 26 ga Agusta
Mutanen lafiya sun zo da kwalabe. Dole na buɗe. Da aka zubar da ruwan, laka ce a ƙasa har idon sawu, ga wari. Suka kwance kan shawa, ciki duk yauƙi. Ɗayansu ya nuna min tsaga a gindin tankin, siririya kamar gashi, wai ta nan yake zuba a hankali, tsohuwar tsaga ce.
To. Tsaga ba ta hana a yi sata kuma.

Laraba, 4 ga Satumba
An sallame shi, ya rame, wando na faɗuwa. Abu na farko da ya tambaya, wai wa ya ɓoye masa taba. An wanke tanki da magani, an liƙe tsagar, sun ce a riƙa amfani da shi ana sabuntawa, kada ya kwanta. Kwaɗon yana cikin kwabet, ya yi tsatsa ne shi ya sa, sai na sami sabo.
Ruwa ya zo yau. Umm Rakan ce ta leƙo ta taga ta ce maƙwabciya kunna injinki na jan ruwa, ya zo.
Ta aiko miyar kaza. Ya shanye tas. Kwanon nata na nan, ba a mayar da kwano haka nan ba komai a ciki, gobe zan yi ɗan wani abu.