Baba, Na Ƙi Sa Hannu a Kan Ciyawar da Ta Mutu

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba masunci, na Yawuri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san masu bibiyar shafina ne za su karanta wasiƙar nan, amma da kai nake, don kai ne za ka fi kowa gane abin da ya same ni.

Baba, ranar Litinin aka sallame ni daga aiki.

Ka rasu kafin in zo Dubai, don haka bari in gaya maka irin aikin. A ƙarƙashin tekun nan akwai ciyawa, tana fitowa a yashi kamar yadda burugu yake fitowa a bakin koginmu. Kifi na yin ƙwai a cikinta, ayu na kiwo a kanta. Tana kuma zuƙe gurɓatacciyar iskar da ke ɗumama duniya, ta binne ta cikin laka. Inda ta ƙare, kamfaninmu ne yake sake shuka ta. Muna da wata na'ura mai tafiyar da kanta, tana rarrafe a ƙasan ruwa, ta huda yashi, ta saka iri, ta matsa gaba, ba mai riƙe da ita. Mun sa mata suna Kunkuru. Ni ina zaune a jirgi ina kallon abin da kyamararta take gani.

Ba ni da faɗa da Kunkuru. Inda aka ce ta shuka, nan take shukawa. Faɗana da wanda yake ba ta umarni ne.

Da ka ga ogan namu, Baba, da ka yi dariya har ka zauna. Mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa a tekun da yake cewa zai ceto ba. Da farin takalmi yake shigowa jirgi, turare kamar an fasa kwalba, kafin mu bar gaɓa ya fara riƙe ciki. Sunan ciyawar ma a takardar talla ya haddace, har yau bai iya faɗinsa daidai ba.

Shi ne ya ce a yi shuka a tsakiyar zafi, lokacin da ruwan gaɓa yake kamar wanda aka ɗora wa mai jego. Dalilinsa ɗaya: babban baje koli yana tafe. Wurin ma shi ya zaɓa, gaban wani otal, don baƙi su riƙa hango mu daga bene. Na ce masa irin ba zai rayu a nan ba, a jira sanyi, a matsa inda ruwa ya fi zurfi. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Yalla habibti," wato mu je 'yar gari da Larabcinsu, "inji ya fi ki sani."

Direban jirginmu, Baba Isaka, dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, ya daɗe a kan ruwan nan. Shi ma ya sa baki, ya ce ko kifi ba ya tsayawa a wurin nan da zafi. Oga ya yi masa wani irin kallo daga sama har ƙasa, ya ce ya kula da sitiyarinsa.

Muka shuka. Bayan 'yan makonni na mayar da Kunkuru don ta duba. 'Yan tsirarun da suka tsiro sun yi baƙi sun ruɓe, sauran wurin yashi ne fetal.

Amma da ka ga baje kolin! Sun kawo wani ƙaton akwatin gilashi, suka cika shi da ruwa, suka jera ciyawar roba a ciki, Kunkuru tana kai da kawowa. Manyan mutane da kwat da rigunan alfarma suna tafi, suna ɗaukar hoto da ita kamar amarya. Babu ko ɗaya da ya tambayi ina gonar take. Oga ya hau mumbari yana dafa ƙirji, wai jikokinmu za su gode masa.

Kashegari ya ajiye mini rahoto in sa hannu, don ni ce mai takardar ilimin halittun ruwa. Rahoton ya ce gona ta kama, har za a fara sayar wa kamfanoni iskar da ta zuƙe, su ma su je su yi alfahari cewa sun wanke hayaƙinsu. Hotunan ciki na gane su, ni na ɗauke su bara a wani wuri daban, inda Allah ne ya shuka abinsa. Na ture takardar. Ya tuna mini cewa bizata a hannunsu take. Na ce na sani. Ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Kafin la'asar wani ya sa hannu a madadina, ni kuma daga baya aka miƙo mini takardar sallama.

Ba don in yi maka burga na rubuto ba, Baba. Kallon da oga ya yi wa Baba Isaka ne ya hana ni sukuni, don na san kallon, irinsa na taɓa yi maka.

Ka tuna ranar ziyara, ina aji huɗu a makarantar kwana? Ka zo da bandar kifi a naɗe cikin takardar siminti, rigarka duk ƙarni. Ƙawayena suka tambaye ni wane ne, na ce wani ɗan garinmu ne aka aiko. Kana tsaye, ka ji. Ka miƙo mini ƙunshin, ka ce, "Ki ci da ƙawayenki, da kaina na gasa." Ka juya ka tafi tasha. Har ka bar duniya ba ka taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba.

Kai ne kake tsoma hannu cikin kogi har gwiwar hannu, ka ce yau ba ranar jefa koma ba ce, kuma haka ɗin ne. Rabin abin da na sani game da ruwa a cikin kwalekwalenka na koya, amma ko a nan, idan aka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce ɗan kasuwa ne. Ka yafe mini, Babana. Na makara, amma ka yafe mini.

Yanzu ina ɗakinmu a unguwar Al Nahda ina haɗa kaya, ina kuma tura takardun neman aiki. Idan ba a dace ba kafin biza ta ƙare, gida zan koma. Ban gaya wa Inna ba tukuna, ka san ta da hawan jini. Gobe bayan azahar zan kira ta.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka makwanci. Allah ya shayar da kai daga Alkausara, ya haɗa mu a inda zan iya riƙe hannunka in gaya wa kowa kai ne ubana. Amin.

Taka har kullum,
Rakiya, 'yar Garba masunci.